Mai Ɗinke Huhun Akwati

A Prestwick, bayan rumfar jiragen sama,
inda ruwa ke zuba kamar ana biyansa lada,
akwai ɗaki marar taga.
A ciki akwati ne shuɗi mai guntayen fukafukai
irin na ɗan tsakon da bai san shaho ba.
Ni nake ɗinke masa huhu.

Shekara goma sha tara na yi a majami'u
ina liƙe zugazugan sarewa mai bututu ɗari.
Yau ma fatar ce, danƙon ne, warin ne,
sai dai iskar da ke ɗaga waƙa a da
yanzu mutum take karkatarwa,
hagu, dama, hanci ƙasa,
a kan ƙarfen da aka ɗaure da daɓen siminti.

Kyaftin Alasdair Rennie ya shigo ran Talata,
hula a hammata, yaƙi a kafaɗa.
Ya zagaya akwatin, ya ƙwanƙwasa da yatsa:
"Ni da na dawo da jirgi yana cin wuta,
za a sa ni a abin wasan yara?"
Morag Kinnaird ba ta ɗago daga teburinta ba.
Ta fere fensir. Ta ce, "Rufe murfin."

Duhu ya haɗiye shi.
Babu gajimare, babu teku, babu bakin sama,
sai allurai masu koren haske
da muryarta a cikin waya, siririya, ba gishiri:
"Juya yamma. Sauko ƙafa dubu biyu."
Na ja sandar da ke kawo guguwa.
Zugazugai suka yi nishi.

A kan tebur akwai abin da muke kira kaguwa,
ƙarfe mai ƙafa uku da jar tawada a ciki.
Duk inda ya nufa a duhunsa
sai ta rarrafa can a kan taswira.
Ba ta san lambar yabo ba.

Jikinsa ya ce masa, daidai kake.
Allura ta ce, ka karkace.
Shekara nawa jikin nan yana fisshe shi?
Ya bi tsohon aboki.
Muna kallo kaguwa ta baro hanya,
ta ratsa shuɗin ruwa a hankali,
ta hau tsaunin Arran, ta tsaya.

"Kyaftin," in ji Morag, "ka mutu,
kai da fasinja talatin da biyu.
Fito, shayi ya yi."

Ya fito rigarsa sharkaf,
ya daɗe yana duban jan layin nan,
kamar mai karanta wasiƙar da aka rubuta wa matarsa.
Bai taɓa kofin ba.

Ran Laraba ya dawo.
Ya sake mutuwa, wannan karon a teku.
Sau bakwai na ƙirga kafin wata ya ƙare,
kowace mutuwa kuɗinta takarda guda,
Morag ta naɗe, ta rubuta kwanan wata, ta sa a durowa.
A na takwas na ji shi a ciki yana magana ƙasa-ƙasa,
ba da ita ba, da kunnensa yake:
"Ƙarya kake. Yi shiru."
Kaguwa ta miƙe sak har bakin fili.

Ban taɓa hawa jirgi ba, ni Fergus,
ko tsani ba na so.
Amma daren hunturu, in hazon teku ya rufe fitilu
har ba ka ganin tafin hannunka,
nakan ji inji yana saukowa ta cikin farin makanta,
a natse, taki bayan taki.
Ban san wane ne a ciki ba.
Nakan dakata da allura a hannu
har tayoyi su taɓa kwalta,
sannan in koma kan fatar da ta tsage.